Makullin Sito a Wuyan 'Yar Shekara 16

Washegarin kasuwar Mafara muka kama hanya, ranar Laraba, cikin hunturun Disamba. Tun asuba nake tasha, amma direba ya ce ko mota ta cika ba zai tashi ba sai rana ta ɗaga, don hanyar Gusau ta daina karɓar sammako. Babu wanda ya yi masa musu. Daga Mafara zuwa Maru, daga Maru zuwa Bunguɗu, motar tsit kamar ana zaman makoki, bakin kowa na motsi da abin da ya sawwaƙa. Sai da muka wuce Tsafe da 'Yankara, muka doshi Funtuwa, sannan wata tsohuwa ta kwance ƙullin gyaɗarta ta fara miƙa wa mutane, hira ta ɓarke.

Bikin 'yar ƙawata ne ya fitar da ni. Tare muka yi karatun koyarwa a Zariya, ɗakinmu ɗaya, ita Kirista 'yar Filato, ni kuwa 'yar Mafara. Ita ta fara kai ni Wusasa wata ranar Asabar, ta nuna mini tsohuwar majami'ar ginin ƙasa da asibitin mishan, ta ba ni labarin Likita Mila, Baturen da ya zauna cikin birnin Zazzau tun 1905 yana tara yara a gidansa yana koyar da su, kafin a mayar da mishan ɗin Wusasa a 1929. A wannan ɗan ƙauyen Janar Yakubu Gowon ya tashi, daga nan kuma Farfesa Ishaya Audu ya fito. A lokacin na ɗauki labarin tarihi ne kawai, irin wanda ake ji a wuce. Da muka ratsa Zariya a wannan tafiyar, muka ɗauki hanyar Pambeguwa da Saminaka, sai ya dawo mini a rai, ban kuwa san zan kwana a gida irin wancan ba.

Duk wanda ya tashi a zafin Mafara, hawan Jos zai ba shi mamaki. Daga Jengre mota take fara nishi, kunnuwa su toshe, duwatsu su bayyana an ɗora wani kan wani kamar da gangan aka jera su. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ga tafkuna jingim waɗanda masu haƙar kuza suka bari, ga gonaki an kewaye su da shingen ƙerana maimakon darni. Sanyin kuwa ba a magana. Mayafin da na taho da shi ina taƙama, a can ya zama kamar gidan sauro.

An sha biki lafiya. Kashegari ƙawata ta ce in raka ta wani gidan yara da ke bayan Bukuru, inda take zuwa koyar da lissafi kyauta duk ƙarshen mako, za ta kai musu abincin da ya rage. Na ce a yi sauri mu dawo. Kwana 3 na yi.

Gidajen irin wannan ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Tun 1909 'yan mishan suka buɗe gidan 'yantattun bayi a Rumasha, kusa da kogin Binuwai, suka karɓi yaran da gwamnatin Turawa ta tara a Zungeru. A cikin Jos akwai Gidan Bege, na ECWA, mai ɗebo yara daga titi. Bishop Benjamin Kwashi da matarsa Gloria sun cika gidansu na kwana da marayu sama da 50, har suka kafa makarantar Zambiri. Rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010, da hare-haren ƙauyuka da suka biyo baya, sun bar yara da yawa babu uwa babu uba, shi ya sa ƙananan gidaje suka yawaita. Wanda na je ɗaya ne daga cikin ƙananan. Matar da ke riƙe da shi, wadda kowa ke kira Mama, ta roƙe ni kada in ambaci sunansa ko na yaran, saboda halin da ake ciki. Na ce mata daga Zamfara nake, ba sai an yi mini bayani ba.

Wadda ta buɗe mana ƙofa doguwar yarinya ce, siririya, da rigar sanyi wadda hannunta ya yi mata gajarta. A wuyanta akwai igiyar takalmi da aka zura wa makullai 4. Ta durƙusa ta gaishe da ƙawata, ta juyo ta dube ni, ta dubi hijabina, ba ta ce komai ba sai "Sannu da zuwa, Mama." Ta karɓi kulolin abincin, ta ƙirga, ta kira yara biyu da sunansu suka ɗauka. Ban fi minti 10 da zama ba sai ga ta da buta da sabuwar tabarma. Ruwan da ke butar da ɗumi. Ta ce, "La'asar ta yi, Mama. Gabas nan ne, ta wajen bishiyar mangwaron can." Babu wanda ya aike ta. Na tambayi ƙawata ko ma'aikaciya ce, ta yi dariya ta ce 'yar gida ce, shekararta 16, tana aji 2 na babbar sakandare. Yara suna ce mata Yaya. Ni ma Yaya zan kira ta a nan.

Abin da ya hana ni komawa gari a daren shi ne makullan nan. Na yi shekaru ina kula da ɗakunan kwanan 'yan mata a wata makaranta, na san nauyin makullin sito. A wurinmu ko malama ba kowace ake ba shi ba.

Da asuba, bayan na idar da salla, na ji ƙarar kwaɗo. Na leƙa, sai ga Yaya da tocila a baki, ta buɗe sito, wata ƙaramar yarinya na biye da ita riƙe da littafi mai baƙin bango. Na bi su. Buhunan masara na jere kan katako, an ɗaga su daga ƙasa saboda laima, ga wake, ga acca, ga jarkar manja da aka yi wa zane da biro a gefe don a san inda ya tsaya. Ta zura mudu cikin ɓarzajjen masara (mu tiya muka sani, su mudu suke cewa), ta ɗago, ta share kan da gefen hannu sau ɗaya, ta juye a roba, tana ƙirgawa a fili, ƙaramar tana rubutawa. Mai girki, wata dattijuwa da ta haife ta ta yi jika da ita, ta ce a ƙara rabin mudu tunda akwai baƙi. Yaya ta sunkuyar da kai ta ce, "Kaka, na riga na sa na baƙi a ciki. Jiya mutum 3 sun tafi hutu wajen danginsu." Tsohuwar ta yi ƙwafa ta ɗauki robarta. Da rana gwaten ya ishi kowa, har aka bar wa mai gadi.

Abin da ya fi burge ni yadda ta ƙi ɗin ne. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ce Mama ce ta hana ba. Ta kawo lissafi, ta tsaya a kansa, kuma ba ta zubar wa tsohuwa da girma ba. Na san manyan mata masu digiri da ba su iya wannan ba.

Da hantsi muka zauna da Mama a rana muna ɓare gyaɗa, ta ba ni labarinta. Tana da shekara 4 wata maƙwabciya ta goyo ta ta kawo, bayan an ƙone ƙauyensu. Ta yi watanni ba ta magana. Da bakin ya buɗe kuma sai faɗa da cizo. Abin da ya fi damun su shi ne ɓoye abinci: a ɗaga katifarta a tarar da tuwo ya yi funfuna, a duba aljihu a samu ƙashin kifi. An yi faɗa, an yi lallashi, an yi addu'a, a banza. Mama ta ce wata rana sai ta gane yarinyar ba sata take yi ba, tsoro take ji kada gobe a wayi gari babu. "Sai na ce to, bari in sa ta inda za ta riƙa ganin na gobe da idonta."

Ba a fara da sito ba. Kaji 5 aka fara ba ta tana 'yar shekara 9, ta ba su dusa, ta kwashe ƙwai ta kawo a ƙirga. Wata rana ta tafi wasa ta manta ba ta rufe akurki ba, muzuru ya kashe biyu. Ta yi kuka har ta shiɗe, tana jiran a karɓe sauran. Ba a karɓe ba. Bayan kaji aka ba ta sabulu da man shafawa ta riƙa rabawa ranar Asabar. Daga nan aka haɗa ta da wata jaririya da aka tsinta, ta zama ita ce mai goyo bayan makaranta. Da ta kai 14 Mama ta ce za ta ba ta makullin sito, ma'aikata suka yi ca, wani ya ce wannan ai ba kura ajiyar nama ne. A watanta na biyu kuwa ta yi kuskuren awo, wake ya ƙare saura kwana 4 wata ya mutu. Mama ba ta je kasuwa ta rufa mata asiri ba, ba ta kuma ƙwace makulli ba. Aka ci gwate babu wake kwana 4, Yaya ta tashi gaban kowa bayan sujadar yamma ta faɗi inda ta yi kuskure. Tun daga ranar ta ƙirƙiro zanen biron nan na jikin jarka.

Ina sauraro ina jin kunya. A shekarun da na yi ina zaɓen shugabar ɗalibai, wadda ta fi shiru nake nema, mai "to Malama", wadda ba za ta jawo mini magana ba. In ba ta bulala da jerin sunayen masu surutu, makullai kuwa suna cikin jakata, in na tafi gari sai an jira ni. Yarinya mai ƙiriniya irin Yaya da tuni na rubuta sunanta cikin marasa ji.

Kuma ba wai 'yan matanmu ba su san aiki ba. Wanda ya bi gonakin da ke shan ruwan madatsar Bakolori lokacin yankan shinkafa, daga Maradun har Bakura, ya ga 'yan shekara 12 suna sheƙa da casa tun safe har yamma. 'Yar talla a tashar Mafara tana riƙe lissafin bashin mutum 10 a ka, ba ta taɓa ɓata ko naira ba. 'Yar fari a gidanmu ita ce uwa ta biyu: wanka, goyo, ɗiban ruwa, surfe. Aiki dai sun sha shi. Sai dai duk wahalar nan a ƙarƙashin "yi kaza, bar kaza" take. Ba a ce mata ga naki, ke za ki yanke, in ya ɓaci ke za ki amsa. Ranar da aka fara ba ta makulli ita ce ranar da aka kai ta ɗakin miji, sannan a yi ta mamakin yadda ta kasa riƙe gida.

Abin haushin ma shi ne ba aro za mu yi ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, kafin rasuwarta a 1864, ta naɗa mata jagorori, wato jaji, a ƙauyuka, ta ba kowace malfa da jan ƙyalle alamar an ɗora mata nauyi, su jagoranci 'Yan Taru, tsofaffi da 'yan mata, su zo su ɗauki karatu su koma su koyar. Malfar nan ai makulli ce. A ƙasarmu aka yi wannan, ba a wata uwa duniya ba.

Dare na biyu ne na ga abin da ya fi tsaya mini. A ɗakin 'yan mata aka yi mini shimfiɗa, kusa da ƙofa. Wajen ƙarfe 4 na ji motsi. Yaya ce ta sauko daga gadonta a hankali, ta nufi gadon wata 'yar shekara 6 da ba ta daɗe da zuwa ba. Ta taɓa zanen, ta ɗaga yarinyar cak, ta canja mata wando cikin duhu, ta kwantar da ita a nata gadon, ta naɗe jiƙaƙƙen zanen ta fita da shi. A wannan sanyin da ko alwala sai mutum ya yi shahada, na ji tana wanki a bakin rijiya. Kafin a buga ƙararrawar tashi ta shanya shi can bayan ɗaki, cikin wasu kayan, yadda ba mai ganewa. Da safe na ce mata na gani. Ta ɗan firgita, sannan ta ce, "Don Allah Mama kada ki faɗa. In yara suka sani za su sa mata suna, sunan kuma ba ya fita." Na ce wa ya koya mata haka. Ta ce ita ma an yi mata, wata Yaya da ta riga ta, wadda yanzu take karatun jinya.

Da yamma sukan taru a zaure su yi sujada. Na zauna daga bakin ƙofa ina kallo. Da Hausa ake komai, waƙa da karatu da addu'a, ana buga tulu da tafin hannu irin na matan zumunta. Littafinsu mai tsarki tun 1932 aka kammala fassara shi da Hausa, da hannun Likita Milan nan na Wusasa a ciki, don haka Hausar da ke bakinsu a wurin ibada ta daɗe da zama. Yaya ce ke ba da waƙa, amma na lura ba ta riƙe wurin ita kaɗai: ta nuna wannan ya yi karatu, ta ɗaga wa waccan gira ta yi addu'a, wani ɗan ƙarami ya kakare a ayar da ya haddace, ta raɗa masa kalmar farko ta yi shiru har ya kai ƙarshe da kansa. Cikin addu'arsu na ji an ambaci "baƙuwarmu da mutanen Zamfara."

Ba zan ɓoye ba, akwai tambayar da ke cin duk Musulmin da ya shiga irin wannan gida, na kuwa yi ta. Kowa ya ji taƙaddamar gidan marayu na Du Merci a Kano, wadda ta taso a Disambar 2019 har ta kai gaban kotu, kuma kowane ɓangare yana da abin da yake tsoro. Na ce, "Mama, in aka kawo muku ɗan Musulmi fa?" Ba ta ji haushi ba. Ta ce gidan na Kirista ne, ba sa ɓoyewa, tarbiyyar da suka iya ke nan, shi ya sa in an kawo yaron da aka san iyayensa Musulmi ne sukan nemi danginsa ko su miƙa shi ga jami'an kula da walwalar jama'a. Na karɓi maganarta yadda ta faɗa. Ita ma ta mayar mini da tata: marayun da 'yan bindiga suka bari a ƙauyukanmu, wa ke riƙe da su? Na ce dangi, kamar yadda muka gada, kuma gaskiya ne, riƙon ɗan 'yan'uwa abu ne da muke alfahari da shi. Amma na san dangin su ma da yawa suna kwana a kangaye da azuzuwan firamare cikin garin Mafara, na kuma san inda 'yan matan cikinsu suke yini. Muka yi shiru mu biyu, muka ci gaba da ɓarar gyaɗa.

Akwai abin da bai yi mini ba, na kuma faɗa. Nauyin ya yi wa yarinyar yawa. Na gan ta da dare ta kifa kai kan littafin kimiyya barci ya kwashe ta, biro a hannu. Gida mai yara kusan 40 da ma'aikata 'yan ƙalilan, dole a jingina da wadda ta iya, kuma daga jingina zuwa danniya ba nisa. Mama ta amsa cewa haka ne. Ta ce shi ya sa ƙaramar nan mai baƙin littafi take bin ta kullum: dokar gidan ce duk mai riƙe da makulli sai ta yi rainon wadda za ta gaje ta, kuma kafin shekarar jarrabawar WAEC za a cire igiyar daga wuyan Yaya a rataya wa ta bayanta. Na tambayi Yaya ko za ta ji zafin rabuwa da shi. Ta murza makullan da yatsa, ta ce, "Zan ji mana. Amma ta fi ni iya lissafi, saurin fushi ne kawai da ita, shi muke gyarawa." 'Yar shekara 16 ke maganar 'yar 13.

A daren ƙarshe Yaya ce ta yi mini tambaya. Ta ji labarin sace 'yan matan makarantar Jangebe a rediyo lokacin da abin ya faru, daren 26 ga Fabrairun 2021, ta ce sun yi azumi a gidan har aka sako 'yan matan 279 ranar 2 ga Maris. Na gaya mata Jangebe a ƙaramar hukumarmu take. Na ba ta labarin abin da ya biyo baya a shekarar: harin kwalejin aikin gona ta Bakura a watan Agusta, na makarantar Kaya ta Maradun ranar 1 ga Satumba, sannan aka rufe makarantu, aka rufe kasuwannin mako, aka katse layukan waya. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama sai ta ce, "Cikin dajin, wa ya riƙa kula da ƙananan?" Duk hirar da na sha yi kan Jangebe, da malamai da iyaye da 'yan jarida, ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. Na ce mata manyan cikinsu mana, wa kuma? Ta gyaɗa kai kamar dama amsar da take jira ke nan.

Ranar tafiya Mama ta ce a ɗebo mini dankalin Turawa daga na gonarsu in kai tsaraba. Yaya ta buɗe sito, ta cika ƙaramin buhu, ta ɗinke bakin da zare, ƙaramar ta buɗe baƙin littafi ta rubuta kwanan wata, ta rubuta "dankali, bokiti 1, baƙuwa daga Mafara." Sannan ta miƙo mini biro. Na dubi Mama ina dariya, na ce kyautar ma sai an sa hannu? Mama ta ɗaga kafaɗa ta ce ita ma sa wa take yi. Na karɓi biron na sa hannu a ƙarƙashin na mai girki, Yaya ta duba ta tabbatar, ta danna kwaɗo, ta jefa makullan cikin rigar sanyinta, ta ɗora buhun a ka ta raka ni har bakin titi.